Albashina a Hannun Umma

Litinin, 11 ga Maris

Na sa hannu. Gida mai lamba 904, hawa na tara, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Bupyeong. Ɗaki ɗaya ne da wani ɗan ƙarami da dillali yake kira ɗaki don kunya. Na biya kafin alƙalami, miliyan ashirin da shida na kuɗinmu won, wato duk abin da ke cikin asusun da Baba ya buɗe min kafin ya rasu. Shi kaɗai ne kuɗin da ke da sunana a duniya.

Dillalin, Malam Yeom, ya maimaita min har sau biyu: in ban cika sauran kuɗin ranar 31 ga Mayu ba, kafin alƙalamin ya zama na mai gida. Na ce na sani. Banki zai ranta min kaso mafi tsoka, sauran miliyan saba'in kuma suna hannun Umma. Kuɗina ne, ajiya na ba ta.

Shekarata talatin da bakwai, ban taɓa rufe ƙofa da tabbacin ba mai buɗe ta ba. Tun a cikin jirgi na zaɓi lambar da zan sa wa makullin ƙofata. Ba zan rubuta ta ko a nan ba, don Umma tana yawan "gyara" min ɗaki.

Laraba, 13 ga Maris

Banki, a lokacin hutun cin abinci. Wadda ke kula da rancena Malama Pyo ce, yarinya ce a kaina, ga ladabi kamar ta goya mutum. Ta ce kafin a ba da rance sai an nuna inda kowane kuɗi ya fito, su suna son gani, masu haraji ma suna son gani. Ta buga bayanan asusuna, takarda ta yi ta fitowa. Ta bi da yatsa. Ranar 25 albashi ya shigo, ranar 26 an kwashe shi tas. Wata bayan wata, shekara goma sha biyu.

"Ranki ya daɗe, ina kuɗin suke tafiya?"

Na ce wurin mahaifiyata, a ambulan. Rabi na gida, rabi tana zuba min a adashin matan cocinsu.

Ba ta yi dariya ba, wannan na yaba mata. Cewa ta yi goggonta ma haka take yi da 'ya'yanta. Amma a takarda ban tara komai ba. A takarda ni mace ce mai cinye albashinta a rana ɗaya. In Umma ta turo min miliyan saba'in, sunansa kyauta. Hamsin na farko ba haraji, abin da ya haura sai na biya. Ko kuma mu rubuta cewa bashi Umma ta ba ni, in riƙa biyanta duk wata.

In riƙa biyan bashin guminna. Na fito ban ci abinci ba, na koma asibitin haƙori inda nake aiki na riƙe wa likita bututun tsotse yawu.

Alhamis, 14 ga Maris

Na tuna yadda abin ya fara. Albashina na farko a asibitin haƙorin nan, na sayo wa Umma jajayen kayan sanyi na ciki kamar yadda kowa yake yi wa iyayensa, sauran na sa a ambulan na miƙa mata da hannu biyu. Ta yi kuka. Ta ce, "Kawo in riƙe miki, ke ba ki san kan kuɗi ba." Wata na biyu kunya ta hana ni fasawa. Daga nan shi ke nan.

Har yau duk Litinin tana ajiye min kuɗin kashewa a kan firij, kamar 'yar sakandare.

Asabar, 16 ga Maris

Na yi wa Umma bayani tana zaune a ƙasa tana cire kawunan busassun ƙananan kifi. Na zaci za ta tashi da faɗa, don ita da haraji ba sa ga maciji. Ko kai ba ta ɗaga ba.

"To ki rubuta kyauta mana. Mene ne a ciki?"

Na ce ba kyauta ba ce. Na ce ba zan sa hannu a kan ƙarya ba, ƙaryar ma wadda za ta shafe min shekara goma sha biyu. Abin da nake so kawai uwar adashi ta rubuto cewa kuɗin da ake zubawa nawa ne.

"Ke dai Bo-ram kin cika taurin kai, sak ubanki. Takarda ce fa, ba goshinki za a rubuta ba."

Sai ta tambaye ni ko na ci abinci. Kullum da wannan take rufe magana.

Talata, 19 ga Maris

Na zagaya ta gaban ginin bayan an tashi aiki. Na ƙirga tagogi har na gano tawa.

Lahadi, 24 ga Maris

Na je coci, rabona da shi tun jana'izar Baba. Ba ibada ta kai ni ba, Allah ya yafe min, uwar adashi na je tarewa. Ita uwar adashin, Maman Ju-hwan, ta rungume ni, ta ce na rame, ta ce har yanzu ba miji, ta cusa min lemo a jaka. Da na kawo maganar takarda sai murmushin ya tsaya a inda yake.

"Yarinya, adashi ai amana ce, ba a rubuta ta."

Na ce layi biyu kawai, cewa Umma tana zuba kaza duk wata a madadina.

"Ki tambayi uwarki." Ta buɗe jakarta ta rufe, ta sake buɗewa. "Ki tambayi uwarki, ni bakina ba ya ciki."

Ruwa ba ya tsami banza. Amma na ce wa kaina tsoron masu haraji ne kawai, duk tsofaffin nan haka suke.

Talata, 26 ga Maris

Jiya albashi ya shigo. Yau, karo na farko, ban je na cire ba. Na shigo gida da amsoshina a shirye, na yi ta bitarsu a jirgi. Umma ba ta tambaya ba. Ta zuba min miya, ta kunna talabijin.

Da ta yi faɗa da ya fi min sauƙi.

Lahadi, 31 ga Maris

Gi-tae ya zo cin abinci. Ƙanena, ɗan lelen Umma, wanda shagonsa na soyayyiyar kaza ya rufe shekara uku da suka wuce, yanzu yana kai saƙon abinci a babur. Ya zo da kwandon 'ya'yan itace mai tsada, abin da bai taɓa yi ba.

"Yaya, an zama masu gida! A taimaka mana da ɗan lungu in matata ta kore ni."

Na ce ko tabarmar ƙofa ba zai samu ba. Ya yi dariya fiye da yadda maganar ta kai. Duk zaman bai yarda mun haɗa ido ba. Umma ta yi ta tura masa nama a kwano, ni kuma ta ce in rage shinkafa.

Laraba, 3 ga Afrilu

Malama Pyo ta kira. Ranar 19 ne ƙarshen karɓar takardu in ana son rance ya fito a kan lokaci. Na biya wani masanin haraji kuɗin shawara don ya gaya min abin da na riga na sani: shaidar cire kuɗi ba shaidar ajiya ba ce. Ya ce da ta banki nake tura wa Umma da magana ta ƙare tuni. Ya ce irinmu suna zuwa masa kusan duk mako, 'ya'ya masu biyayya da ambulan ɗinsu.

Ihu bayan hari.

Asabar, 6 ga Afrilu

Na sake tambayar Umma. Ta ce kuɗin za su shigo ƙarshen Mayu, in daina damunta. Na ce daga ina? Ta ce daga inda suke. Ta shiga banɗaki ta kunna famfo.

Ɗakin nan nawa, gadon da nake kwana a kai tun ina aji uku. In na miƙe hannu ina taɓa bango biyu.

Alhamis, 11 ga Afrilu

Ban san ta inda zan fara ba.

Likita ya tafi jana'izar surukinsa, aka tashe mu da rana. Na buɗe ƙofa na tarar da takalma ƙafa uku da ban sani ba. Wata dillaliya ce da wasu matasa, miji da mata, matar da ciki, suna tsaye a ɗakina suna buɗe taga. Dillaliyar ta ce Umma ce ta ba ta lambar ƙofa.

"Ai mamanku ta ce ƙarshen Mayu za ku tashi. Mai gida yana son a samu masu shiga da wuri don ya mayar mata da kuɗin ajiyarta."

Kuɗin ajiya. Dunƙulen kuɗin da Baba ya damƙa wa mai gidan nan a maimakon haya, duk abin da ya tara a rayuwarsa ta tuƙin bas. Muddin suna hannun mai gida, Umma tana da wurin kwana ba ta biyan ko sisi. In ta karɓe su ba ta da gida.

Mai cikin ta tambaye ni ko ɗumin ƙasan ɗakin yana aiki sosai da sanyi. Na ce yana yi. Har na nuna mata maɓallin.

Na tafi kasuwa, shagon kayan haɗin abinci inda Umma take aiki. Tana ɗaure wa wata mata kimchi, kabejin nan mai tsami da yaji, a leda. Ta ga fuskata ta gane. Ta gama ɗaurewa, ta ba da canji, sannan ta ja ni bayan shago.

Ba duka nake tunawa ba. Na tuna na ce ina kuɗina. Ta ce adashin ta kwashe shi tun shekara uku. Shagon Gi-tae. Masu bin sa bashi sun je har makarantar 'yarsa.

"Ƙaninki ne. Da in zuba ido?"

Na ce da kin tambaye ni.

"Da kin yarda?"

Ta ce tana ta ƙoƙarin mayarwa, abin da nake kawowa tun daga lokacin ma rabinsa can yake tafiya, ramin ya ƙi cika. Ba ta zaci zan tashi sayen gida yanzu ba, ta ɗauka sai na yi aure.

Na ce to ina za ki zauna?

"Akwai ɗaki a nan baya. Mai shago ta ce ba komai."

Sai ta ce, kin ci abinci? Na yi mata tsawa a gaban mutane. Ban taɓa yi ba.

Juma'a, 12 ga Afrilu

Shi ya sa ta ce in rubuta kyauta.

Lahadi, 14 ga Afrilu

Na juya abin ta kowace fuska. In na ƙi karɓa, kafin alƙalamina ya tafi, kuɗin Baba na ƙarshe da ke da sunana, in ci gaba da kwana a gadon nan har in tsufa. In na karɓa, na samu ƙofata, uwata kuma tana kwana tsakanin buhunan barkono. Gaba kura, baya sayaki.

Abin da ya fi ci min rai, kowa zai ce ita ce ta yi sadaukarwa. Matan coci za su yi ta yabonta. Ni da aka cinye wa shekara goma sha biyu ni ce zan fito a mara imani.

Ina jin haushinta. Na rubuta, ba zan goge ba.

Litinin, 15 ga Afrilu

Na kira Malam Yeom ko mai gida zai yarda a fasa a mayar min ko da rabi. Ya ce mutumin ya riga ya zuba kuɗin a nasa sabon gidan. "Ranki ya daɗe, sarƙa ce, kowa yana riƙe da wani."

Da na fito aiki Gi-tae yana tsaye a bakin asibiti da hular babur a hannu. Umma ta gaya masa.

"Yaya, zan biya. Na rantse zan biya."

Na ce da me, da kai wa mutane taliya?

"Ban san naki ba ne."

Na ce ka sani. Ya yi ta murza igiyar hular. Wayarsa ta yi ƙara, saƙo ya shigo, ya dube ni kamar mai neman izini. Na ce tafi kafin abincin mutane ya huce.

Laraba, 17 ga Afrilu

Na je na ga ɗakin bayan shagon. Ban gaya wa Umma ba, mai shago ce ta buɗe min. Ba taga. Warin tafarnuwa da danshi, injin firij yana gurnani ta bango. Ashe har ta fara kai kaya a ɓoye: shimfiɗa a naɗe, kalandar coci, hoton Baba a jingine da buhu. A kan igiya kuma ga jajayen kayan sanyin nan, sun koɗe sun koma kalar ruwan wankin nama, gwiwa ɗaya da faci.

Na ji haushin kayan nan. Kamar da gangan aka rataye su don ni. Na san ba haka ba ne, ba ta san zan zo ba.

Mai shago ta ce, "Mamanki jaruma ce." Na ce haka ne. Me zan ce?

Juma'a, 19 ga Afrilu

Mun je banki tare da Umma. Ta sa rigarta ta zuwa coci, ta zo da hatiminta a ɗan jan kwanonsa.

Malama Pyo ta karanta takardar a fili saboda idon Umma. Cewa ita, Seok Jeong-rye, ta ba 'yarta won miliyan saba'in kyauta, daga kuɗin ajiyar gidan da take haya. Ba bashi ba ne. Ba za a mayar mata ba. Ba ta da wani haƙƙi a gidan da za a saya.

"Kin fahimta, Mama? Ba ki da haƙƙi a gidan."

"Na ji, 'yata. Ina zan buga?"

Ta hura hatimin ta danna da ƙarfi kamar mai tsoron a fasa. Ni ma na sa hannu. Wata guda ina faɗa da takardar nan a kan ƙarya ce, ashe ita kaɗai ce mai gaskiya a cikin jakar. Shekaruna goma sha biyu kuwa babu su a ko'ina. Harajin abin da ya haura hamsin ni zan biya, daga albashin da na hana ta.

A waje ta ce mu ci taliya mai sanyi. Na ce ina da aiki. Na tsaya a bayan motar bas ina kallonta tana tsallaka titi, jakar a ƙirji. Yaushe ta zama ƙarama haka?

Alhamis, 2 ga Mayu

Rance ya fito. Na karanta saƙon na mayar da wayar aljihu.

Asabar, 11 ga Mayu

Gida ya cika da kwalaye. Muna magana a kan igiya da jarida da wane kwano na wa. Umma tana rabar da kaya kamar mai shirin mutuwa, kabad ga wannan, tukwane ga waccan. Yau maƙwabciya ta zo ganin firijin kimchi. Na ce ba na sayarwa ba ne tukuna.

Umma ta ce, "A kaina zan ɗora shi?"

Na ce ni dai na ce tukuna.

Talata, 21 ga Mayu

Malam Yeom ya buɗe min gidan in auna labule. Na auna labule. Na auna bangon ƙaramin ɗakin ma tunda ma'aunin yana hannuna. Da nufina in bar ɗakin nan ba komai a ciki, in riƙa shiga ina zama a ƙasa ina jin shiru.

Shimfiɗa ɗaya tana shiga. Firijin sai dai a baranda.

Juma'a, 31 ga Mayu

Tun safe kuɗi suke tafiya. Mai cikin da mijinta suka biya tsohon mai gidanmu, shi ya biya Umma, Umma ta turo min ta banki, Malama Pyo tana tsaye a kanta tana nuna mata inda za ta danna. Ni na tura wa mai 904. Kuɗin Baba sun yi minti kaɗan a asusuna, na gan su da idona, suka wuce.

Gi-tae ya ɗauki hutu ya yi dako har yamma. Da masu motar kaya suka tambaya ina za a sauke kwalayen Umma, ita ta ce kasuwa, ni na ce hawa na tara. Direban ya dube mu. Na ce damina ta kusa, ɗakin can yana yoyo, in ta wuce sai a gani.

"Kwana biyu kawai," in ji Umma. "Ba na son takura."

Na ce ni ma.

Lahadi, 2 ga Yuni

Umma ba ta daina abin da ta saba ba. Ta riga ta sauya wa cokulana wuri. Ta ce labulen ya yi duhu. Da safe ta buɗe min ƙofar ɗaki ba ƙwanƙwasawa, na ce Umma, ta ja da baya ta ƙwanƙwasa a buɗe.

Jiya ta miƙo min ambulan da hannu biyu, kuɗin aikinta na shago, wai in riƙe na cefane. Na ce ba na karɓar ambulan, gobe za mu je a koya mata turawa ta waya. Ta ce na cika iyayi.

Ban yafe ba. Kada in karanta wannan wata rana in zaci na yafe.

Na sa lambata a ƙofa ranar Juma'a, wadda na zaɓa tun Maris. Na gaya mata sau uku, na rubuta mata a takarda. Yau na dawo daga sayen ƙwan fitila na tarar da ita zaune a kan matakala da ledar kasuwa a cinya. Ta manta takardar a ciki. Ta yi ta danna ta tsohon gida har makullin ya yi ƙara ya kulle kansa. Ba ta kira ni ba, wai kada ta dame ni.

Na sauya lambar ƙofar zuwa ta tsohon gida. Don kada ta riƙa kirana a wurin aiki ne kawai.